Jan da Ya Gudu Daga Fuskar Malama

Yayana mai fenti ne, kuma duk wanda ke son ya tsufa a bakin kanti, ya raka shi sayayya. Ni na raka shi, shi ya sa nake da bakin magana. Tun muna yara haka Allah ya yi shi. A aike shi sayen allura, sai ya ɗaga kowace ya leƙa kafarta a rana, har mahaifiyarmu ta gaji da jira ta aro ta maƙwabta. Ni ce auta a ɗakinmu, kuma duk haƙurin gidan shi aka ba, ni ko ƙyalli ban samu ba. Haka muka tashi, shi yana "bari mu gani", ni ina "a yi ta ta ƙare".

Sana'arsa rubutun allunan shaguna. Kusan rabin rayuwarsa a kan tsani ya yi ta, gwangwanin fenti rataye a gefe, buroshi a dama, a hagu kuma wata 'yar sanda mai dunƙulen tsumma a kai, wadda yake dogara wa jikin allo ya ɗora wuyan hannunsa don layi ya fita sambal. Ba ya fariya da komai a duniya sai abu ɗaya: fentinsa ba ya koɗewa. In muna tafiya a titi sai ya tsaya, ya nuna mini wani shagon sayar da tayar mota da aka daɗe da rufewa, ya ce, "Auta, dubi can. Mai shagon ya rasu, 'ya'yansa sun watse, amma kin ga jan nan? Kamar jiya na shafa." Ya san jan da ke jure rana da wanda ke gudu, ya san shuɗin da ke komawa toka. Da injinan buga alluna suka zo suka cinye aikin, bai yi ƙorafi ba. Kallon sababbin allunan kawai yake yi ya ce a bar su da rana, ita za ta yi musu shari'a.

Matarsa malamar 'yan aji ɗaya ce, kowa Malama yake ce mata, har shi. Ni da ita bakinmu ɗaya a kansa, in muka sa shi a tsakiya sai ya ɗauki hularsa ya fita. Tana da wata irin dariya da ke farawa daga hanci, idanunta su ƙanƙance har su kusa ɓacewa, wushiryarta ta fito. Amma da an ɗaga na'urar ɗaukar hoto sai ta daskare kamar wadda aka kama da kayan sata. Duk hotunanta da muke da su, har na aurenta, babu wanda za ka ce ba na katin shaida ba ne. Wannan abin muna yi mata tsiya da shi, ba mu san wata rana zai dame mu ba.

Ciwon ƙirji ne ya kwantar da ita. Da abin ya yi nisa, warin fentin mai da na kananzir da yake wanke buroshi da shi ya zama mata guba. Yaya ya koma tuɓe kayan aikinsa a ƙofar gida, ya wanke hannu da sabulu har fatar ta fara tsagewa, duk da haka da ya shigo ɗaki sai tari ya turnuƙe ta. Daga ƙarshe ya jingine tsani ya zauna jinya. Mutumin da ya saba da yini a sama yana kallon gari, ya koma zaman kujerar roba yana murza yatsu.

Wata rana da hantsi, ina nan na kawo mata wanki, ta dube shi ta ce, "Kai dai zamanka na ƙara mini ciwo. Buɗe jakar makarantata, akwai fentin yara. Zana ni, tunda ka rasa aikin yi."

Wani ɗan akwatin gwangwani ne faffaɗa, a ciki launuka zagaye-zagaye kamar maɓallan riga, wasu yara sun riga sun ƙwaƙule tsakiyarsu. Buroshin kuwa gashinsa ya baje kamar tsohuwar tsintsiya. Takardar ma daga littafin zanen 'yan ajinta aka yago. Fentin ruwa ne, ba shi da wari, shi ya sa ta tuna da shi. Kuma a iya sanina, wannan ne karo ɗaya tak a rayuwar Yaya da ya ɗauki kayan aiki bai zaɓa ba, bai juya ba, bai ce bari mu gani ba.

Bai taɓa aiki da fentin ruwa ba. Ya kafa takardar a tsaye yadda ya saba da allo, ruwan ya riƙa gangarowa, yana tarewa da gefen yatsa yana tsaki. Ita kuwa me za ta yi in ba dariya ba. Tana yi tana tari, tana cewa ko 'yan ajinta sun san a kwance ake ajiye takarda. Kafin azahar ya gama. Da ya juyo mana da shi sai ga Malama, ba ta kan gadon ba, ta da can, mai kumatu, fatarta da ɗuminta, mayafinta ja, dariyar nan ta fara daga hanci. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ya yi mata ƙaton hanci. Watanni kaɗan bayan haka ta rasu a asibiti, yana riƙe da hannunta.

Ya sa aka yi wa zanen firam da gilashi, ya buga ƙusa a falo daidai saitin taga, saman kujerar da take zama tana duba littattafan yara. Rana takan shigo ta nan tun da safe, ta hau bangon ta zauna har hantsi. A gabansa yake shan shayi kullum. Ni ma duk mako ina gidan, kuma tela ce ni, aikina ke nan sanin yadin da ke koɗewa, amma ban lura ba. Abin da kake gani kullum ba ka ganin tafiyarsa.

'Yarsu guda ce, muna ce mata 'Yar Lele, tana aure da aiki a wani gari mai nisa. Bayan wasu shekaru ta zo hutu, ta ajiye jaka, ta ɗaga kai ta dubi bango, sai ta dafe ƙirji.

"Baba, me ya sami Mama?"

Muka duba duk mu uku, a lokacin ne idona ya buɗe. Mayafin ya zama kalar ruwan wankin nama. Fuskar kuwa jan da ke cikinta ya gudu, ya bar wani toka-toka mai ratsin kore. Ba sai an gaya wa kowa ba, dukanmu mun san wannan launin, mun gan shi a kan matashin kai a asibiti. Dariyar tana nan, amma a fuskar marar lafiya take.

Yaya ya sauko da shi, ya ɓalle ƙusoshin bayan firam ɗin, ya zaro takardar. A gefe-gefe, inda katakon ya rufe rana ba ta taɓa ba, akwai siririn layi da bai fi faɗin farce ba. Nan mayafin jajir yake, nan kuma ɗan gefen hannunta yana da ainihin launin fatarta. Ya daɗe yana kallon wannan layin.

"Ni," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Ni da na yi wa mai sayar da taya jan da ya fi shi tsawon rai. Matata kuma na yi mata da fentin yara, na kai ta na rataye a rana."

Na ce, "Yaya, wa ke tunanin rana a cikin falo?"

Ya ce, "Mai fenti."

Washegari ya yi ɓarnar da har yau in na tuna raina ke ɓaci. A sana'arsa in allo ya dushe, ƙara masa fenti ake yi a kai, shi ke nan ya dawo sabo. Da wannan tunanin ya tashi da safe, ya ɗauko tsohon akwatin, ya jiƙa buroshi, ya ɗebo ja, ya ce zai fara gwadawa a kafaɗa. Da ruwa ya taɓa wurin sai tsohon fentin ya narke ya bi shi, takardar ta kumbura, wani tabo kamar na zubar shayi ya bazu yana nufar wuya. Allah ya sa ya ɗauke hannu da wuri ya danne da tsumma. Garin neman gira saura kaɗan a rasa ido. Na same shi a zaune, buroshin a ƙasa.

'Yar Lele ta yi kuka, ta yi faɗa, sannan ta duba wayarta ta karanto mana cewa haske ne ke cin irin wannan fenti, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Ta ɗauki hoton zanen da wayar, ihu bayan hari, tunda koɗaɗɗen ta ɗauka. Ta karɓi baƙin yadi a wurina ta naɗe shi, ta sa a durowar ƙasa ta ɗakin barci.

"Baba, don Allah ka yi mini alkawari ba za ka fito da shi ba. 'Ya'yana ba su san ta ba. Wannan kaɗai ya rage mana."

Ya ce ya ji. Ya ƙara da cewa zai sake zana wani, da kayan da ko jikokin jikokinta za su tarar da shi yadda yake. Daga nan muka shiga wahalar da nake ba da labari.

Shagon kayan zane a saman bene yake, bayan masu sayar da littattafai, ɗan tsukuku mai warin takarda da gam. Mai shagon wani siriri ne mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi, shi ya sa na raɗa masa Tabarau. Mutumin kirki ne, kuma da farko ya yi murna da samun mai saye da ya san abin da yake tambaya. Bai san abin da ya jawo wa kansa ba.

Ya baje mana fenti iri biyu, na 'yan koyo da na ƙwararru, wasu a ƙananan mazubai da ake matsawa kamar man goge baki, wasu busassu a 'yan kofuna. Ya nuna wa Yaya wata alama a bayan kowane, wadda ke faɗin yadda launin ke jure haske. Yaya ya sa tabaransa shi ma, ya karanta, ya gyaɗa kai.

"Wa ya rubuta alamar?"

"Masu yin fentin mana, Baba."

"To, ka taɓa jin mai kaya ya kushe kayansa?"

Ja kawai ya ɗebi iri-iri, mai ɗaukar ido, mai duhu, mai kama da bulo, mai kama da tsatsa. Na ce, "Yaya, fuska ɗaya za ka zana, ba motar kashe gobara ba." Bai ko dube ni ba. Ya koma kan takarda. Tabarau ya bayyana masa cewa ta itace, irin ta littafin yara, ita ce ke kumbura in ta sha ruwa, ta kuma yi rawaya in ta tsufa, ta auduga kuwa mai kauri ce, tana shan ruwa ta koma ta kwanta. Akwai mai santsi, akwai mai kaushi, akwai ta tsakiya. Yaya ya shafa kowace da bayan yatsa, ya ɗaga ta a haske, ya kaɗa ta kusa da kunne. Har gefen wata ya lasa, na rantse, a gaban mutane. Na juya baya kamar ban san shi ba.

Buroshi ne ya ƙure haƙurin Tabarau. Yaya ya ce a ba shi ruwa a kofi. Ya tsoma kowane, ya yarfe sau ɗaya, ya duba ko bakin ya haɗe ya yi tsini ko ya rabu biyu. Ya ja shi a bayan hannunsa ya ga ko gashin zai miƙe da kansa. Na gashin dabba ya fi riƙe ruwa, na roba ya fi taurin kai, shi kuma so yake ya samu mai halin duka biyun. Muka sauko daga benen nan ƙafafuna sun kumbura, kuma wai bai gama yanke shawara ba. Araha ba ta ado, na yarda, amma ai tsadar ma sai an yi aiki da ita take ado.

A gida ya yanka takarda sirara-sirara, ya shafa wa kowace launi ɗaya, ya rufe rabinta da kwali, ya manna a gilashin taga suna fuskantar waje. Dabarar ita ce rana ta gasa rabin da ke buɗe, in an ɗaga kwalin a ga ko ya bambanta da na ɓoye. Dabara ce mai kyau, ban musa ba. Amma tagar falo ta cika, ya koma ta ɗakin girki, ya koma ta banɗaki. Gidan ya yi duhu kamar shagon da aka rufe. Bangon nan kuma babu komai sai ƙusa da wani murabba'i mai ɗan haske inda firam ya zauna, a gabansa yake shan shayinsa yanzu.

Zafi ya wuce, ruwa ya sauka ya ɗauke. Duk zuwan da na yi sai ya ɗaga mini kwali ya nuna mini wanda ya faɗi jarrabawa. Mai ɗaukar idon nan shi ya fara gudu. Masu kama da bulo da tsatsa ko gezau ba su yi ba, tun a watannin farko kowa ya ga haka. Na ce to alhamdulillahi, an samu. Ya ce a ƙara musu lokaci. Ya sake komawa wurin Tabarau ya ɗebo rawaya da shuɗi, aka sake sabon zagaye.

Abin da ya tayar mini da hankali ba duhun gidan ba ne. Cokali ne. Wata safiya yana motsa shayi na ji cokalin yana ƙara a jikin kofi, ƙil-ƙil-ƙil, bayan ya daina juyawa. Na dubi hannun, ya yi sauri ya sa shi a ƙarƙashin tebur. Wannan hannun da ke jan layi daga wannan gefen allo zuwa wancan ba tare da ma'auni ba, rawa yake yi. Likita ya ce tsufa ne, ya ba da magani, ya kuma ce abin ba raguwa yake yi ba. Tsoro ya kama ni, ni kuwa in na ji tsoro masifa nake yi.

"Yaya, sai yaushe? Fenti ka samu, takarda ka samu, buroshi har na ajiye wa magada ka saya. Me kake jira?"

"Sannu ba ta hana zuwa, Auta."

"Sai dai a daɗe ba a je ba! Ƙarasa karin maganar mana. Hannun nan jiranka zai yi? Ko so kake sai ranar da ba ka iya riƙe cokali sannan ka ce ka shirya?"

Na finciko wasu daga takardun tagar na watsar a ƙasa. Rana ta faɗo cikin falon, ta sauka a kan bangon da babu kowa. Na zaci zai yi fushi. Durƙusawa ya yi yana tsince su ɗaya bayan ɗaya, yana gyara kwalayen.

"Na san jan da zan sa tun tuni," ya ce, bai ɗago ba. "Ba fentin ba ne. Tun ranar da aka sa ta a durowa, in na rufe ido fuskar asibiti nake gani. Mai dariyar ta ƙi zuwa. Ran nan ita ce a gabana tana yi mini dariya, ni kwafe ta kawai na yi a takarda. Yanzu wa zan kalla?"

Na durƙusa na taya shi tsincewa, ina jin haushin kaina, ina jin tausayinsa, har da haushin Malama da ta tafi ta bar mini shi a haka.

Bayan kwana biyu ya fara. Ya jiƙa takardar auduga ya manne ta a katako, a kwance wannan karon. Ya sauke labule, ya fito da tsohon zanen ya jingina a inuwa, ya ce wannan ba karya alkawari ba ne, aro ne. Ya ɗauko tsohuwar sandarsa mai dunƙulen tsumma ya dogara hannu. Kwana da kwanaki yana haɗa launin fata kawai, yana kai shi kusa da siririn layin nan na gefen takarda, yana jira ya bushe, don fentin ruwa in ya bushe yakan fi yadda yake a jiƙe haske. Ya koyi cewa babu farin fenti a wannan aiki, duk inda kake son fari takardar za ka bari, kuma in ka rufe shi ya tafi ke nan. Takardu da yawa sun tafi kwandon shara saboda haƙora kawai. In hannun ya matsa masa sai ya ajiye, ya zauna a kansa har ya lafa.

Ranar da ya gama ya aiko a kira ni daga shago. Na tarar ya ɗora shi a kan kujerar Malama. Aiki ne, wallahi aiki ne. Mayafin ja ne mai nauyi, fatar daidai take da ta layin nan ba ragi ba ƙari, babu tabo, babu inda ruwa ya zarce. Goshin nata ne, haɓar tata ce, wushirya tana nan fara tas.

"Faɗi, Auta. Ke ba ki iya ɓoye magana ba, kada ki fara yau."

Na so in yi ƙarya, harshena ya ƙi. Na ce, "Kyakkyawa ce, Yaya. Kamar wata ƙanwarta da ba mu taɓa haɗuwa ba."

Ya gyaɗa kai, da ma ya sani. Ya ɗauko tsohon ya ajiye a gefensa, ya nuna mini da wutsiyar buroshi. A gefen idon hagu da ƙasan hanci akwai inda ruwa ya gangaro ranar nan ya tare da yatsa, fentin ya taru ya yi 'yar inuwa. Wannan ɓarnar ce ta ƙanƙance idon, ita ta tattare hancin. Ya ce ya gwada kafa takardar a tsaye, ya gwada tarewa da yatsa, sau ba adadi, ruwan ya ƙi bin hanya ɗaya sau biyu. A sabon zanen bakin a buɗe yake, haƙoran a waje, amma matar tsaye take tana jiran a ɗauke ta hoto.

'Yar Lele ta zo ta gani, ta rungume shi tana kuka tana cewa Mama ce sak. Ban sani ba ko har zuciyarta ta faɗa, ko tausayin ubanta ne, ban kuma tambaya ba. Ta naɗe sabon a tawul ta tafi da shi, yana can a falonta, 'ya'yanta suna nuna wa baƙi kakarsu. Kafin ta shiga mota ta buɗe durowa ta tabbatar tsohon yana nan a cikin baƙin yadinsa, ta sake tuna masa alkawari.

Da na koma ƙarshen mako, daga ƙofa na ga gidan ya yi haske. An ɓamɓare takardun tagogi kaf. A kan ƙusar nan kuma ga Malama, cikin tsohon firam ɗinta, da tabon kafaɗarta, rana tana kan mayafin.

"Yaya! Ka san abin da kake yi kuwa? Cinye ta za ta yi!"

"Na sani."

"Alkawarin fa? Me zan ce wa yarinyar nan in ta kira ni?"

"Ni zan gaya mata, ba ke ba. Na ba ta wanda zai daɗe."

Ya gaya mata kuwa, a waya, ina zaune. Na ji kukanta daga inda nake. Ta yi kusan wata ba ta kira shi ba, kuma har yanzu in sun yi magana gaisuwa ce kawai da tambayar magani. Wannan ma wani ciwon ne da yake haɗiyewa, kuma ban ga laifinta ba, uwarta ce.

Ni dai na ce ba zan zuba ido ba. Na koma shago na yanko yadi mai kauri, na ninka biyu, na yi masa shafi, na ɗinka ɗan labule daidai girman firam ɗin, da igiya da zobba, yadda zai ja ya buɗe in zai sha shayi, ya ja ya rufe in ya tashi. Na yi alfahari da dabarar nan, don a ganina na raba gardama: shi ya gani, ita ta daɗe, 'Yar Lele ta huce. Ya karɓa da hannu biyu, ya juya shi ya yaba ɗinkin, ya sa mini albarka.

Satin da ya wuce na je da sassafe. Labulen yana kan tebur a ninke, ko igiyar ba a warware ba. Shi kuma yana kujera, kofin shayi a hannu biyu don kada ya zube. Kuncin hagu na zanen ya ƙara dushewa, har na fara ganin takarda ta cikinsa. Na ɗauki labulen na buɗe baki zan fara.

"Auta," ya ce, idonsa na kan bango. "A asibiti ni na ja mayafi na rufe mata fuska, da hannun nan. Na zo na bari an sake rufe ta a durowa. Ba zan yi na uku ba."

Na tsaya da yadin a hannu. Sai na cusa shi a jakata, na jawo kujerar roba na zauna kusa da shi. Ya turo mini butar shayi da gwiwar hannu. Rana ta riga ta wuce mayafin, ta kai haɓarta, muka zauna muna kallo tana yi mana dariya.